Jan hankali ga masu fassara shirin Shōgun

Assalamu alaikum, Edita.

Ka ba ni fili in ja hankalin masu fassara fina-finai kan Shōgun na 2024, mai kashi 10, wanda aka ɗauko daga littafin James Clavell na 1975. Harshe biyu ne a ciki: Japananci, da Turancin da ke madadin harshen Fotugal. In aka mayar da duka Hausa, tafinta Mariko ta zama aku, alhali gwanintarta ita ce tausasa gatsalin baƙon Bature kafin ya kai kunnen ubangidanta Toranaga. A ɗora murya kan Turancin, Japanancin a rubuta a ƙasa, layi biyu kacal.

Kada kuma a kira Toranaga sarki. Tokugawa Ieyasu ne aka sauya wa suna, jagoran mayaƙa da ya zama shogun, wato shugaban mulkin soja na Japan, a 1603. Sarkin Japan na lokacin yana Kyoto.

Wani mai karatu, Kano