A sanya tsufan faifan sola cikin lissafi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rahotonku na makon jiya kan ribar sanya sola a gidaje, sai dai lissafin ya ɗauka cewa faifan zai ci gaba da ba da wuta kamar ranar da aka ɗora shi, alhali ba haka abin yake ba.

A matsakaici, faifan sola yakan rasa kusan rabin kashi 1 cikin 100 na ƙarfinsa duk shekara, kuma asarar shekarar farko takan fi haka. Zafi da danshi ne ke cin sa sannu a hankali. Wanda ya hau rufi ya duba tsohon faifai zai ga robar da ke ƙarƙashin gilashin ta koma ruwan ɗorawa. Shi ya sa kamfanoni da yawa ba sa lamunce fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙarfin faifan bayan shekara 25.

Abin da ya fi damuna shi ne magidancin da ya ci bashi bisa lissafin shekarar farko, ga kuma batir da inbata (na'urar da ke juya wutar sola zuwa irin wadda kayan gida ke amfani da ita) waɗanda za a sauya tun faifan bai gaji ba. Ina roƙon hukumomi su wajabta wa dillalai rubuta adadin raguwar shekara-shekara a takardar ciniki.

Naku,
Mai karatu