Birkin keke ya ƙi ci, an ce ni mai gyara zan biya kuɗin ɗori

Assalamu alaikum Barista. Allah shi ƙara basira. Ni mai gyaran keke ne a Mabera, nan cikin Sakkwato, kuma wata magana ce ta hana ni barci.

Wani maƙwabcina ya kawo kekensa in yi masa faci. Da na juya taya sai na ga robar birkin baya ta cinye har ƙarfe, wayar birkin gaba kuma saura 'yan silli. Na ce masa a canza duka biyun, ya ce faci ya kawo, sauran sai albashi ya shigo. Na yi faci, ya biya, ya tafi.

Bayan 'yan kwanaki ya aiki ɗansa mai shekara 13 da keken zuwa Tsohuwar Kasuwa. Yaron ya kauce wa ɗan kabu-kabu, ya matsa birki, wayar ta tsinke. Ya sa silifas a taya, irin yadda yaranmu ke yi, amma ina! Ya bankaɗe wani dattijo mai sayar da goro, hannun dattijon ya karye. An kai shi wurin mai ɗori, yana samun sauƙi, alhamdulillahi.

Yanzu an zauna gaban mai unguwa, uban yaro ya ce hannuna ne na ƙarshe a kan keken, don haka in ɗauki rabin kuɗin jinya. Shaidata kawai yaron shagona, shi ma an ce ai ba zai ƙaryata maigidansa ba.

Malamin da nake ɗaukar karatu wurinsa ya ce a fiƙihun Malikiyya, mahayin dabba da mai janta da mai korarta su ne ke lamunin abin da ta taka, kuma ɓarnar yaro hukuncin kuskure take ɗauka. To keke fa? Shi ba ya tafiya da kansa, sai an tuƙa. A ganina wanda ya san birkinsa ya mutu, ya kuma ɗora ƙaramin yaro ya tura shi cikin cunkoson kasuwa, shi ya kamata a fara tambaya.

Barista, me dokar hanya ta ce? Dole ne keke ya kasance da birki gaba da baya, ko ɗaya ya wadatar? Jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa (FRSC) na ganin masu keke suna wucewa ba fitila ba ƙararrawa ba sa ko ɗaga ido, shi ya sa mutane ke zaton dokar ta mota da babur ce kaɗai. Sannan mai gyara da ya yi gargaɗi aka ƙi ji, akwai alhaki a kansa don ya saki keken?

Zan iya taimaka wa dattijon don Allah, amma ina tsoron a ɗauke shi a matsayin na amsa laifi. In maganar ta wuce mai unguwa, kotun shari'a za ta je ko majistare? Ranar Juma'a za a sake zama.

Naka,
Mai gyaran keke, Mabera, Sakkwato