Wane littafi ne yaranmu za su tuna da shi?

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina gaida ku da aiki, dan Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan littafin da yaro yake fara ɗauka da kansa, ba wanda malami ya ce sai ya haddace ba.

Mu da muka taso a Tudun Wada, bayan allo da Ahalari da Ishmawi, abin da ya fara zaunar da mu karatu ba don tsoron bulala ba shi ne Magana Jari Ce. Abubakar Imam ya rubuta shi tun ƙarshen shekarun 1930, littafi uku ne, amma har zamaninmu kwafi ɗaya sai ya zagaye layi guda, bango ya yage an liƙe da salatif, shafin farko ma babu, a ba ka da la'asar a ce gobe da sassafe ka dawo da shi don akwai mai jira. Toh aku yana ta zuba labari don ya hana Musa ɗan sarki fita daga gida, mu ma ya hana mu fita ƙwallo. A nan muka tsinci karin magana da iya zance, wallahi har yau in dattijo ya yi wata magana a majalisa sai in gane inda ya samo ta.

Ruwan Bagaja kuwa daga gasar da aka shirya a Zariya a 1933 ya fito, tare da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Shi Shaihu Umar sai da na girma na sake karanta shi sannan wahalar uwar nan da ta bi sahun ɗanta ta shige ni, da ina yaro tafiyar kawai nake bi.

Kuma ni ban yarda da masu zagin littattafan soyayya na Kano gaba ɗaya ba. E akwai na banza a ciki, amma a shekarun 1990 mata nawa ne karatun bokonsu ya zauna saboda hayar waɗannan littattafan? Yayyenmu mata da dama a nan suka iya karatu sosai, ba a aji ba.

Yanzu fa? Yaro yana makarantar kuɗi, in ya yi Hausa a ci shi tara, jakarsa cike da littattafan darasi, ya dawo gida a miƙa masa waya don a huta da rigimarsa. Uba zai sa data ta dubbai a wata amma littafin labari ɗaya sai ya ce ai tsada. Ka ba ɗan firamare shida rubutun Hausa ka ji yadda zai dinga in-ina, alhali harshen da ya sha a nono ne.

Roƙona gare ku Malam Edita, ku ware shafi ɗaya duk mako na yara, gajeren labari da manyan baƙi da ɗan zane, wanda uba zai yanke ya kai gida. Su kuma masu buga littafi su fito da ƙananan bugu masu araha su kai ƙofar makarantu da Islamiyyu, nan ne iyaye suke tsayawa kullum.

Naku,
Wani mai karatu daga Tudun Wada, Kaduna