Kwastam ku shigo Kantin Kwari ku yi mana bayanin lambar kaya da Hausa

Assalamu alaikum Edita, barka da aiki. Dan Allah a ɗan ba ni fili in yi magana a madadin mu mata masu saro kayan sawa daga Guangzhou da Dubai, musamman yanzu da kowa ke ta odar suwaita da rigunan sanyi kafin hunturu ya kankama.

Da yawanmu mun iya ciniki, da ido muna gane kaya mai kyau, amma ka tambayi mace wace lamba ta kwastam, wadda da ita ake yanke haraji, aka rubuta wa kayanta a Form M, wato takardar da ake cikewa ta banki kafin a shigo da kaya, sai ta ce ai wannan aikin ejan ne. To wallahi a nan ake cutuwa. A littafin harajin kwastam, kayan sawa da aka yi da saƙa mai miƙewa, wanda muke ce wa mai roba, babinsu daban ne, babi na 61, su kuma na yadi irin na atamfa da shadda da ba ya miƙewa suna babi na 62. Suwaita 6110 ce, T-shirt 6109, doguwar riga da siket da wandon mata na roba 6104. Ko mayafi ma an raba shi, na roba 6117, na yadi 6214. Kuma ba a nan ta tsaya ba, sai an duba zaren, auduga ce ta fi nauyi a ciki ko leda, don ma'aikaci zai juya wuyan rigar ne ya karanta ɗan ƙyallen nan da aka ɗinka a ciki, in ya ga polyester 65 cotton 35 alhali takardarki ta ce auduga, to zance ya canja kenan. Har maɓalli ana dubawa, rigar da ɓarin dama ya hau kan na hagu ta mata ce, wadda kuma aka kasa gane ta maza ce ko ta mata, a lissafin mata take faɗawa.

Wani zai ce ai tunda aka koma harajin bai ɗaya na ECOWAS a 2015 yawancin kayan sawa kashi 20 ne, meye na damuwa? Da damuwa mana. In abin da ke cikin kwantena ya saɓa da abin da ke kan PAAR, wato takardar ƙiyasin haraji da kwastam ke fitarwa kafin kaya su iso, kaya za su zauna a Apapa ko Onne ana sake lissafi, kuɗin ajiya na hawa kullum, ga VAT na kashi 7.5 a kai, kuma ki tuna mu ƙanana haɗa kwantena muke yi, mutum goma ko fiye, kuskuren mace ɗaya sai ya riƙe na kowa. Suwaita kuwa in ta iso Kano a watan Maris ana zufa wa zai saya? Sai dai a ɗaure dila a jira baɗi, jari ya kwanta, yayi ma ya wuce.

A 2024 Hukumar Kwastam ƙarƙashin Adewale Adeniyi ta fito da tsarin Advance Ruling, wato ka nemi hukuma ta yanke maka lambar kayanka a rubuce tun kafin a yi lodi. Gaskiya abu ne mai kyau na yaba, sai dai bayanin duk da Turanci yake a intanet, kuma Hajiyar da ke da ɗan shago a Kwari ko Sabon Gari ba nan take samun labari ba.

Roƙona a haɗa kai da shugabannin kasuwa a zauna da mu, a kawo samfurin riga a riƙe a hannu a nuna mana wannan 61 ce wannan 62, a sa a rediyo, a buɗe tebur a tashar tsandauri ta Dala inda mace za ta kai samfur ta yi tambaya. Ku kuma 'yan uwana mata, kafin ku tura kuɗi ku sa mai kaya ya rubuto irin zaren da kasonsa a invois, kuma kar ku yarda ejan ya rubuta wata lamba ba ku gani da idonku ba.

Daga wata 'yar kasuwa, Fagge, Kano.