Masu Rubuta Labarin Dangi a Kurmi, Ku Fara da Lissafin Shekaru

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi magana da matasan marubutanmu na Bauchi da Gombe, masu sakin labari kashi-kashi a WhatsApp da Facebook. Akwai jigon da suke so ƙwarai: kaka ya tafi fataucin goro bakin teku, ya yi aure a Agege ta Legas ko a Nima ta birnin Akara, jika ya taso yana neman tushensa. Jigon ba shi da laifi. Inda ake tuntuɓe shi ne a fara rubutu ba a auna zamani ba.

Kafin babi na ɗaya, marubuci ya ɗauki takarda ya jera mutum uku, kaka da uba da jika, ya bar shekara ashirin da biyar zuwa talatin tsakanin haihuwar kowane. Jikan da aka haifa a 1999, ubansa zai faɗo wajen 1970, kakan kuwa ya bar gida ne a shekarun 1950 ko farkon 1960. Daga nan komai zai fara tambayar marubuci. Jirgin ƙasa bai iso Bauchi ba sai 1961, Gombe kuwa sai 1963. Wanda ya tashi a 1955 sai ya bi mota zuwa Jos kafin ya ga tasha, ya bi ta Kafanchan da Kaduna ya gangara Ikko, wato Legas. Kuɗin da ke lalitarsa fam ne da sule da kwabo, domin naira sai 1973. Wasiƙar da ya aiko gida a 1970 ba za ta ce Jihar Gombe ba. Jihar Arewa maso Gabas ce a lokacin, an yi Bauchi a 1976, Gombe a 1996. In kuma a Gana aka zaunar da gidan, dole labarin ya faɗi yadda suka yi a ƙarshen 1969, da gwamnatin Busia ta kori baƙin da ba su da takardar zama. Ko sun dawo, ko sun ɓuya, ko an rabu da mata da 'ya'ya, tsallake shekarar nan kamar a ba da labarin gobara ne ba hayaƙi.

Sai sana'ar kanta. Ba a zuba goro a buhu a jefa bayan mota kamar masara. Ana jera shi cikin ɗanyen ganye a ɗaure huhu, a riƙa kwancewa ana tsince mai sankara, a sake ganye in ya bushe, a ɗan yayyafa ruwa. Ruwan ya yi yawa goro ya ruɓe, ya yi kaɗan ya yanƙwane. Ƙwarya ɗaya goro ɗari ce. Wanda ya kwana shekara shi ne daushe, ya fi sabo tsada. Dattijon da ya ci wannan kasuwa, hannunsa kan huhu yake kafin bakinsa ya yi ciniki, kuma mai karatu yana so ya ga hannun.

Yanayi ma yana kama marubuci. Agusta a Bauchi tsakiyar damina ce, a Legas kuwa lokacin ne ruwa kan ɗan tsagaita. Yuni da Yuli ne ake shan sa. Hunturu can ba ya fasa leɓe kamar namu. Iskar gishiri tana cin kwanon rufi da sakata, kaya a akwati suna yin fumfuna. Ruwan teku yana cika ya janye sau biyu a kwana ɗaya, kuma Agege ba a gaɓar ruwa take ba, saboda haka kada a sa jarumi ya leƙa taga ya ga igiya.

Babin dawowa gida shi ya fi shan wuya. Sau da yawa jika kan sauka tasha, a rungume shi, a miƙa masa gona. A shari'a ba haka ake yi ba. In ubansa ya riga kakan rasuwa, kuma akwai baffa a raye, jikan ba shi da rabo a gadon, sai dai in an yi masa wasiyya, ita ma ba ta wuce sulusi. In gonar tana hannun wani bare shekara goma, mai haƙƙi yana gani bai yi magana ba, hauzi ya shiga, wato damar neman gonar ta kuɓuce masa. Tsakanin dangi ana kai wa shekara arba'in, kuma wanda ba ya gari yana da uzurinsa. Ga takardar shaidar asali, wadda sai mai unguwa da dagaci sun san gidanku kafin ƙaramar hukuma ta sa hannu. A nan rikicin labarin yake kwance: yaron da Yarabanci ya fi zama a bakinsa, can ana ce masa Bahaushe, nan ana ce masa ɗan Kurmi, yana tsaye a zaure ana tambayarsa sunan kakan kakansa. In daga zangon Akara ya zo, in yana maganar goggonsa zai ce "ya zo" maimakon "ta zo", yara su kwashe da dariya.

Tsofaffin fataken nan ba su ƙare ba tukuna. Marubuci ya je layin 'yan goro da littafin rubutu bayan la'asar, ya sayi na ɗari biyar, ya zauna.

Naku,
Mai karatu daga Jekadafari, Gombe