Wasiƙa zuwa ga Modu: Habibu da takardar Ingila

Assalamu alaikum, Modu.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da Yagana da yara. Ya Fatakwal, ya ruwan nan naku da ba ya ɗaukewa? In ka ga na zauna na cika takarda haka, to maganar ta fi ƙarfin saƙon murya na WhatsApp, wanda ko na tura sai ya yi tsami ba ka buɗe ba. Bawa ya samu wuri ya manta da ubangidansa. Tun bikin Sani rabona da muryarka. Amma na yafe, Bafulatani ba ya riƙe Babarbare a zuci, mun san ba da gangan kuke yi ba, halitta ce.

Roƙo ne da ni game da ƙanena Habibu, sai dai bari in fara ba ka labarin tukuna.

Habibu ya samu gurbin karatu a Ingila. Digiri na biyu, fannin noman rani da sarrafa ruwa, shekara ɗaya. Saƙon ya shigo wayarsa ne a kan tudun bayan firamare, inda har yau nan muke zuwa neman sabis. Kafin la'asar gari ya ɗauka. Inna ta sa aka toya waina aka raba sadaka, Kawu Ilu ya dogaro sandarsa har zaure yana cewa a nuna masa takardar, aka miƙa masa wayar, ya riƙe ta a juye yana gyaɗa kai. Yara sun riga sun sa masa Ɗan Landan, alhali garin da makarantar take yana can arewacin ƙasar, tafiyar awanni a jirgin ƙasa.

Wallahi na yi murna. Ni na riƙa kai yaron nan tasha da buhun garin kwaki lokacin da yake jami'ar Dutse, na san irin wuyar da ya sha. Amma da dare ya yi na karɓi wayar na karanta takardar a tsanake, sai jikina ya yi sanyi. Kowa a gidan ya ɗauka ɗaukar nauyi aka yi. Ba haka ba ne. Cewa kawai suka yi sun yarda ya zo, in yana da kuɗi. Kuɗin makaranta fam 16,000, wai sun yi masa tallafin fam 3,000. Wannan tallafin shi ya ruɗa mutane. Ni kuwa ya tuna mini dillalan kara na Maigatari, a tsuga wa sa kuɗi sannan a ce an yi maka ragi saboda mutunci. Sannan suna son kafin alƙalami fam 4,000 kafin su ba shi lambar da ake kira CAS, wadda in babu ita ko takardar neman biza ba za ka cike ba.

Na jawo takardar gwajin wani ɗan ajina na juya bayanta, Habibu na haska mini da fitilar waya, muka shiga lissafi. Ragowar kuɗin makaranta fam 13,000. Hukumar shige da ficen Birtaniya tana son ta ga kuɗin ci da sha da haya, sama da fam 1,100 a kowane wata har wata 9 ga wanda ba a Landan zai zauna ba, ka ga fam 10,000 da ɗoriya ke nan. Biza sama da fam 500. Kuɗin asibiti fam 776 a shekara, kuma da yake bizar tana ɗara shekara ɗaya da 'yan watanni, na shekara da rabi za a caje shi, fam 1,164. Ga gwajin tarin fuka da sai ya je Abuja, ga fasfo da ya koma naira 100,000 tun Satumban 2025, ga kuɗin jirgi, ga rigar sanyi. Da na haɗa, fam 25,000 ta wuce. Na buga wa wani ɗan canji a Wapa, ya ce fam tana neman naira 2,000. Kai ma ka iya lissafi duk da kai Babarbare ne: miliyan 50. Na rubuta adadin na zagaye shi da jan biro, Habibu ya kashe fitilar ya tashi ya fita.

To washegari sai ga maganar da ta hana ni barci. Wai a sayar da fadamar Baffa.

Ka san ta, wadda muke satar rake a gefenta Baffa ya bi mu da bulala har bakin kogi, kai ka bar takalminka a taɓo. Tun rasuwarsa ba a raba ta ba. Ita ke ba mu shinkafa da damina, alkama da albasa da rani. Ita ta aurar da Hajara da Ummi, ita ta yi wa Habibun kansa digirin farko. Alhajin nan mai injin casa ya daɗe yana zawarcinta, jin labarin nan ke da wuya ya aiko an taya miliyan 9. Miliyan 9, Modu! Kafin alƙalamin kawai za ta biya, da canjin da bai kai na jirgi ba. A wayi gari babu gona, babu biza. Kuma gado ne, akwai haƙƙin mata uku a ciki, ga marayun Yaya Musa. Da na faɗi haka a zaure, Kawu Ilu ya ce ni malamin makaranta ne, tsoron kuɗi ya yi mini yawa, wai wanda bai yi kasada ba ba ya cin riba. Shi da ko akuya bai taɓa sayarwa don karatun ɗansa ba.

Duk wannan zugar daga wani ejan take, mai ofis a saman bene a Kano. Shi ya cike wa Habibu takardun, ya karɓi nasa tun a farko. Na bi yaron mun je. Ofis da sanyin na'ura, bango duk tutocin ƙasashe, shi kuma sai juyi yake a kujera yana cewa "Yallaɓai, ai wannan ƙaramin abu ne." Wai ba sai muna da miliyan 50 ba. Akwai masu zuba maka kuɗin a asusu su kwana 28, kamar yadda doka ta ce sai kuɗin sun yi kwana 28 a jere ba su ragu ba, in an buga biza su kwashe abinsu, ka ba su wani kaso. Na ce to ban da kuɗin ruwa da ke cikin wannan, in yaro ya sauka can da aljihu wayam, wa zai biya fam 9,000 da ta rage wa makaranta? Ya ce ai zai yi aiki. Na ce awa 20 a mako doka ta yarda wa ɗalibi lokacin karatu, mafi ƙarancin albashi kuma a 2025 fam 12.21 ne a awa, a wata bai fi fam 1,000 da 'yan kai ba, wato daidai abin da su da kansu suka ce haya da abinci za su cinye. Sai ya kalli Habibu ya ce, "Wannan yayan naka ɗan jarida ne?" Ban kula shi ba. Abin da bai gaya wa yaron ba shi ne, in aka kama takardar banki ta bogi, hana shiga ƙasar ake yi har shekara 10. Kuma ko Alhaji mai injin casa ya ce zai ara mana asusunsa, aikin banza ne, na ɗalibi ko na iyayensa ake karɓa.

Af, kafin in manta. Malam Tanko ya yi ta uku. 'Yar gidan mai unguwar Gabas, wadda ka sani tana tallan gyaɗa. Uwargida ta yi yaji sati biyu, sai da aka haɗa da liman. Ranar ɗaurin aure babur ɗin ango ya mutu a tsakiyar yashi, aka turo shi da babbar riga. Ya ce in gaya maka gudummawarka ba ta iso ba, na ce ya daina jira, kuɗin Babarbare sai an yi masa tiyata. Riɗi kuma bana ya yi kyau, sai dai a Gujungu 'yan sari sun haɗa baki, kowa farashi ɗaya yake faɗa.

In koma kan Habibu. Ka san abin da ke ba shi ƙwarin gwiwa? Ɗan gidan Hedimasta da ya tafi a 2021. To amma wancan zamani daban. Lokacin ana cike Form A a banki, a samu dala a farashin gwamnati, naira 400 da wani abu. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi wa kanta daraja a kasuwa, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 dala ta haura 1,500. Wanda ya tafi da lissafin miliyan 10 ya farka ana bin sa 30. A shekarar ce BBC ta ba da labarin ɗaliban Najeriya a wata jami'a ta arewacin Ingila da aka dakatar da su daga karatu, aka ce su bar ƙasar saboda sun kasa cika kuɗin zango. Waɗannan fa 'ya'yan masu hali ne a kanmu. Kuma tun Janairun 2024 mai digiri na biyu irin na shekara ɗaya ba ya tafiya da iyali, balle a ce mata ta yi aiki ta tallafa. Na Habibu ma ba ta taso ba, ko kuɗin gaisuwa ba a kai ba, yarinyar dai ta fara sa hotonsa a waya tun da ta ji Landan.

Kada ka ce ba na son ya fita. Ina so ƙwarai. Yaron nan in ya ga yadda ake noman rani a wata ƙasa ya dawo kwarin Haɗeja, mu za mu fara amfana. Amma ya fita da kuɗin wasu, ba da fadamar marayu ba. Hanyoyin suna nan, haƙuri kawai suke so. Gwamnatin Turkiyya tana buɗe nata tallafin duk shekara daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu, kyauta ake cikewa ta intanet, ba ejan ba ɗan tsakiya. Su biya makaranta, masauki, jirgi, inshorar lafiya, su ba ka na kashewa duk wata, sai dai ka fara yin shekara guda kana koyon Turkanci, kuma mai neman digiri na biyu kada ya kai shekara 30. Shi 26 gare shi. Chevening ta Birtaniyar da yake mutuwar so tana biyan komai, amma tana son shekara biyu ta aiki, awa 2,800, da alƙawarin za ka dawo gida ka yi shekara biyu. Yana koyarwa a makarantar sa-kai tun da ya gama bautar ƙasa, in ya daure zai cika. Jamus yawancin jami'o'in gwamnati ba kuɗin makaranta, sai dai a kulle Yuro 11,904 a asusu, wannan ma ya fi ƙarfinmu, amma dai bai kai rabin na Ingila ba.

Na gwamnatocinmu kuwa, ka san yadda suke. Kano ta kwashi ɗalibai 1,001 a 2023 zuwa Indiya da Yuganda, masu sakamako mai daraja ta ɗaya. Mu Jigawa ne, shi kuma daraja ta biyu ya samu, ko da ta sama ce. Tsarin musayar ɗalibai na tarayya da ke kai yara Maroko da Rasha da Aljeriya, wanda ɗalibansa suka yi ta kukan an riƙe musu alawus, a 2025 ministan ilimi ya ce an daina. Bashin karatu na NELFUND na makarantun gwamnati ne na cikin gida. Wani a majalisa ya ce to a tura shi Kwatano mana, kusa kuma da araha. Na ce ka manta ɗan jaridar da ya samo digiri a can cikin mako shida, har gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo a Janairun 2024? Sudan kuma da muke tura yara shekara da shekaru, tun yaƙin Afrilun 2023 ta rufe. 'Yar Hajiya Ladi da aka kwaso a bas zuwa iyakar Masar har yau ba ta son jin ƙarar babbar mota.

Yanzu dai Habibu ba ya cin abinci tare da ni. In na shigo zaure ya fita. Inna ba ta ce mini komai ba, amma kunun safe da take aiko mini ya koma hannun Ummi, kuma ba sukari. Abin da ya fi ci mini rai, ya gaya wa abokansa wai baƙin ciki nake yi masa don ni a NCE na tsaya. Wannan ta shige ni, Modu. Na rubuta wa makarantar da sunansa, da saninsa, na roƙi su ɗage masa gurbin zuwa baɗi, sun ce za su duba. Ejan kuwa kullum sai ya kira shi, wai ranar ƙarshe ta kusa.

Don Allah ka kira shi. Yana jin maganarka fiye da tawa, tun ranar da ka koya masa tuƙa babur ya ɗauke ka wani babba. Kada ka nuna na gaya maka komai, ka ce a Facebook ka gani, ya sa hoton takardar a can. Ka taya shi murna sosai tukuna, sannan ka tambaye shi nawa ne jimilla, ka bar shi ya faɗa da bakinsa. Bayan isha ya fi, lokacin yana kan tudu.

Goggo Asabe na gaishe ka, ƙafar ta yi sauƙi. Ta ce man zafin da ka aiko wancan karon ya ƙare, mai jan murfin, ba mai koren ba. In direban Haɗeja zai taso ka ba shi, ni kuma zan sa maka daddawa da kuka, da zuma in ta samu. Ka gaida Yagana, ka ce mata har yanzu muna jajanta mata.

Naka,
Sale