Awon suga a gida: mu riƙa rubutawa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili a shafinku na lafiya kan na'urar awon suga da yanzu ta shiga gidaje da yawa.

Shekara biyu ina huda yatsan mahaifiyata kowace safiya kafin ta karya. Lamba ta fito 110 ko 120, mu yi hamdala, mu mayar da na'ura cikin jaka. Sai aka yi mata gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin suga na kusan wata uku, ya fito kashi 9, alhali ƙasa da 7 ake nema ga yawancin manya. Likita ta ce mu kawo littafin da muke rubutawa. Muka yi tsuru-tsuru.

Na sayo littafin makaranta, na ja layi huɗu: lokaci, lamba, abin da Hajiya ta ci, maganin da ta sha. Tsinken gwajin da tsada, don haka sau biyu kawai muke yi a rana, amma muna sassauya lokacin. Cikin mako biyu asiri ya tonu. Awa biyu bayan kofin kokonta na safe, awo ya kai 260, abin da ake so ya tsaya ƙasa da 180. Jirin da ke ɗibarta da la'asar kuwa, wanda muka ɗauka hawan suga ne, ashe faɗuwa ce: 64, a ranakun da ta sha maganin sugarta, glibenclamide, ta tsallake abincin rana. Ƙasa da 70 haɗari ne. Da likita ta duba shafukan nan, ta sauya maganin, muka rage kokon, muka ƙara wake da ganye. Hajiya dai har yau tana mitar kokonta.

Akwai kuma ruɗanin ma'auni. Wata na'urar mmol/L take nunawa, wata mg/dL. Wanda ya ga 7 a tasa mai mmol/L, 126 ke nan a tamu mai mg/dL, ninkawa ake da 18. Maƙwabcinmu ya ga 15 ya kwanta hankali kwance, bai san 270 ba ne.

Na san akwai irin su FreeStyle Libre, na'urar awon suga da ake mannawa a damtse kwana 14, amma masu iya sayensa nawa ne? Roƙona ku buga samfurin wannan jadawali a shafinku kafin 14 ga Nuwamba, ranar ciwon suga ta duniya, yadda mutum zai yanka ya liƙa. Likitocinmu kuma, duk tsawon layi, su daure su buɗe littafin idan an kawo musu.

Wata mai karatunku,
daga Zariya.